Ashe Yaya Hinde Ce Marubuciyar

Laraba da dare, Kankiya

Tun la'asar na dawo daga Kusada, amma har yanzu kunya ba ta sake ni ba.

Na je gaida Yaya Hinde, ɗiyar Goggo, wadda ke riƙe da marayunta ita kaɗai. Muna ɓarar gyaɗa, ni da bakina ba ya shiru na hau yi mata tallar littafin nan da ake saki shafi-shafi a waya. Na ce, "Yaya, ki karanta shi. Na kuɗi ne, amma kar ki biya ko sisi. Ni kaɗai na saya, nake tura wa duk ƙawayena."

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Yana yi miki daɗi?" Na ce sosai.

Sai ta miƙo min wayarta mai fasasshen gilashi. Shafin gobe ne na littafin take rubutawa, ko rabi ba ta kai ba. Da yatsa ɗaya take bugawa in yara sun tafi makaranta. Sunan da ke kan littafin na aro ne.

A saman kowane shafi tana rubuta cewa duk wadda ta fitar mata da shi, ba ta yafe ba. Kullum tsallakewa nake yi, har dariya na taɓa yi.

Da zan tafi ta ƙulla min gyaɗa a leda, ta ce, "Ke kam na yafe miki, ƙanwata."

Da ma zagina ta yi. Ga ledar nan a kan gado, na kasa kwance ta.