Hanyar da Ta Kauce wa Ɗorawa

Zuwa ga Alhaji Garba Mai Inji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, makwanci a yalwace, haske ta ko'ina. Mu nan lafiya ƙalau muke. Damina ta yi albarka, gero ya fid da kai, gyaɗa ta zuba 'ya'ya, sai dai rashinka.

Ka ga na ce maka Alhaji, har da su girmamawa. Kada ka saba. Jikokina ne suka ce za su ɗora wannan takarda a waya kowa ya karanta, shi ya sa nake saya maka mutunci a gaban jama'a. In ba haka ba, ka san a bakina Garba kake tsura. Kai ɗan kawuna ne, ni 'yar gwaggonka, taubasai muke, kuma tun muna yara ban taɓa raga maka ba.

Yaran yanzu sun san ka da babbar riga, zaune a benci a ƙofar kanti ana kawo maka gaisuwa. Ni na san ka da wani tsohon keke da ba shi da birki. Ranar kasuwar Ɗanbatta kakan ɗaura masa buhun gyaɗa, nauyi ya hana ka hawa, ka tafi kana turawa gumi har ƙafa. In ka wuce ƙofar gidanmu sai na leƙo na tambaye ka, yau kai ne za ka hau keken ko shi ne zai hau ka? Kai kuma ka ce, "Rabi, yi dariyarki. Wata rana sai kin roƙe ni na rage miki hanya a mota."

Da abin ya ɗan taru sai ka sayar da keken da ragunan da kake kiwo, ka tafi Kano ka sayo injin niƙa. Shi ne na farko a garinmu. Ranar da za a tayar da shi babu wanda ya zauna a gida. Ka yi ta juya hannun injin tun hantsi, shi kuma ya yi tari ya mutu, ya yi tari ya mutu. Sai dab da la'asar ya kama da wata irin ƙara, awaki suka tsinke igiya, tsofaffi suka ja da baya suna salati. Ka zuba dawa, ka leƙa ta ƙasa don ka ga ko gari na fita, ya kuwa feso maka a fuska. Ka ɗago fari fat har gashin ido kana washe baki. Na yi dariya ranar har sai da na zauna a ƙasa.

Da farko mata sun ce tuwon inji warin ƙarfe yake. Kai kuwa kowacce ta faɗa sai ka ce, "Kawo a niƙa miki. In tuwon bai yi daɗi ba ki aiko mini, ni zan cinye." Kafin kaka ta zagayo duk an jingine dutsen niƙa a bayan ɗaki. Gida ɗaya ne ya ƙi, gidanmu. Inna, mahaifiyata, gwaggonka, ta ce ita garin da hannunta bai niƙa ba ba zai shiga cikinta ba. Ta riƙe wannan magana har ƙarfinta ya ƙare.

Daga inji ka buɗe kanti, kana sayar da taki da irin shuka da gishiri da kananzir. Daga kanti sai ga a-kori-kura, 'yar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. Maganarka ta tabbata, na roƙe ka ka rage mini hanya. Ka tsaya kana tambayata ko na san wani mai keke, sai da na ce ban san shi ba sannan ka buɗe ƙofa.

To amma akwai kwarin nan da ya raba mu da babban titi. Da rani yashi ne kawai. Da damina kuwa ruwa da taɓo, babu direban da ke yarda ya shigo. Masu sayen gyaɗa suka koma tsayawa a ƙauyukan bakin titi, kasuwarmu ta fara mutuwa muna kallo. Marar lafiya sai dai a ɗora shi a amalanke, shanu su ja shi cikin ruwa.

Kana tuna ranar kai amaryar gidan Liman? Kai ka ɗauke mu a motarka, da amarya da kayan ɗakinta da mu 'yan rakiya, ana ta guɗa. Muna shiga kwari mota ta nutse har ƙofa. Muka fito muka tattare zannuwa, kowacce da kwalla ko tukunya a ka, amarya a lulluɓe tana kuka, ba mu sani ba ko na rabuwa da gida ne ko na sabon takalminta da taɓo ya cinye. Kai kana baya kana turi, babbar riga ta koma jar ƙasa. Na ji ka da kunnena kana cewa, "Wallahi wannan kwarin ya gama ci mini mutunci daga yau."

A wannan shekarar aka kafa ƙungiyar ci gaban gari, aka ba ka shugabanci. Ka yi ta zarya zuwa ƙaramar hukuma har masu gadi suka san tarinka. Daga ƙarshe aka ce za a ba mu siminti da ma'aikatan da za su gina kwalbati, amma da sharaɗi: mu fitar da hanya mu zuba mata marmara da kanmu kafin ruwa ya sauka. In ba mu yi ba, a kai aikin wani gari.

Da aka duba, wuri ɗaya ne ƙasa ke da ƙarfin riƙe kwalbati, kuma hanyar zuwa wurin sai ta ratsa tsakiyar gonar Inna. Gonar da ta gada daga mahaifinta, kakanmu ni da kai.

Dagaci ya aika mata, ta ce a gaishe shi. Liman ya je da kansa ya yi mata wa'azin sadaka mai gudana, ta saurara tsaf, ta kawo masa fura, ta ce Allah ya ƙara ilimi, amma gona ba za ta bayar ba. Ni ma na gwada. Ta ce mini boko ne ya sa nake ganin gadon ubanta kamar tsumma. Gari ya ɗauki zafi. Samari suka fara cewa a shiga da ƙarfi, tsohuwa ɗaya ba za ta tsare gari guda ba. A makarantar da nake koyarwa ma abokan aikina sukan yi shiru in na shigo ofis. Ban taɓa jin kunyar fita ba kamar a wannan lokacin. Kai ka tsawatar wa samarin, ka ce duk wanda ya taka gonar ba da izininta ba, da kai zai yi.

Sai ka ɓullo da wata dabara da ban gane kanta ba a lokacin. Kullum da safe ka bar kanti ka zo gidanmu, ka durƙusa ka gaida Inna, ka ci ɗumamenta, ka zauna kana taya ta ɓarar gyaɗa. Ba ka taɓa ambaton hanya ba. Zafi na ƙaruwa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, mutane suna cewa shugaba ya koma cin tuwo. Da abin ya ishe ta sai ta ce, "Garba, faɗi abin da ke kawo ka, ka bar cinye mini abinci." Ka ce, "Gwaggo, ɗumame ke kawo ni. Na dutse ya fi na inji daɗi, amma kada ki gaya wa kowa."

Ina tsakar gida ina jin ku. Ta yi dariya, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Sannan ka tambaye ta a hankali, me ke cikin gonar nan da ba za ta iya rabuwa da shi ba?

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Can ta ce ita ba ƙasar ce ta dame ta ba, ɗorawar da ke tsakiyar gonar ce. A gindinta mahaifinta yake ajiye ta tana yarinya in yana noma, shi ke kaɗo mata 'ya'yan da ƙugiya, kuma da kalwarta take yin daddawa tun tana amarya. Ta ji an ce in hanya ta zo sai an sare ta. Ta ce, "Kowa ya zo sai ya ce na ba da gona. Babu wanda ya tambaye ni don me na hana."

Ka ce, "Ashe bishiya ce, Gwaggo? To hanya ce za ta kauce mata." Kuma don kada ta rasa wurin noma, ka ba ta gonarka ta bayan gari, wadda kowa ya san ta fi tata kyau. Na ja ka gefe na ce ka yi hauka? Ka ce ai a gida ta tsaya, kuma ko ba komai ranar rabon gado ni 'yarta zan ci, sai na yi maka godiya. Ban yi ba har yau.

Inna ta yarda, amma ita ma ta kafa nata sharaɗin. Ba za a taɓa ko reshe ɗaya ba, 'ya'yan ɗorawa nata ne, kuma kwanon marmara na farko kai za ka ɗauka a kanka kowa yana gani.

Ka ɗauka kuwa. Aka yi gayyar da ba a taɓa yin irinta ba, ganga na tashi, maza na haƙa, amalanke na jigila, mu mata muna dama kunu a manyan tukwane. Ga Alhaji mai kanti da mota, da gammo a ka, yana tafe yana rangaji, jar ƙasa na zubo masa a wuya. Inna na zaune a inuwar itacenta tana cewa a ƙara masa, kwanon bai cika ba. Ruwan farko ya same mu an riga an zuba kwalbati.

Ranar da mota ta fara hayewa, Inna ka sa a gaba. Ta riƙe ƙofa da hannu biyu tana faɗa wai gudu kake, alhali yara a ƙasa suna wuce ku. Tun daga ranar ake kiran wurin Kwanar Gwaggo. Direbobi har gobe suna mita in sun zo karya kan mota, su ce wane ne ya lanƙwasa hanya a fili fetal. Amma a nan suke tsayawa su sha inuwa, domin mata sun kafa teburan ɗanwake da awara a gindin ɗorawar. Kasuwarmu kuwa ta farfaɗo, yanzu har daga Bici ake zuwa.

Bayan wannan sau nawa aka zo a tsayar da kai kansila, kana ƙi. Kakan ce in ka shiga ofis mutane za su koma zaginka a bayan ido, kai kuwa ka fi so a zo benci a faɗa maka a fuska. An kuwa faɗa maka. Kana da dogon jawabi, Garba. In aka ba ka dama a taro sai an kira salla ake samun tsira. Kana da kafiya, kuma in ka yi fushi har kasuwa ana jiyo muryarka. Amma rigimar iyakar gona, ko ta manoma da makiyaya, ko ta miji da mata, ba ta kwana biyu a bencin nan ba ta mutu ba.

Bari na ba ka labarin gida. Nasiru ɗanka ya riƙe kanti da kyau, ya fi ka tsari amma bai kai ka surutu ba. Ya sauya injin da sabo marar hayaƙi. Ƙungiya ta zaɓi sabon shugaba, yaron kirki ne, yanzu rijiyar burtsatse suka sa a gaba. Iyalinka duk suna lafiya, kullum sai an ambace ka.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na ɗauki biro.

Zuwana na ƙarshe duba ka, bayan ƙaramar sallar bara, na same ka a kwance ka rame, muryar nan duk ta shige. Muka gaisa, na ce maka ka tashi haka nan, lalaci ne kawai. Da zan tafi sai ka kira sunana, ka ce, "Rabi, duk tsokanar da na yi miki tun muna yara, ki yafe mini." Na gane ban kwana kake yi mini, amma ban so ka gani ba. Sai na gyara mayafi na ce, sai na yi shawara tukuna. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce, "Allah ya shirye ki." Na fito ina murmushi, na ce a raina jibi zan dawo na ba ka amsa. Washegari da hantsi aka aiko.

To, Garba, na gama shawara. Na yafe maka duniya da lahira, ga shi kuma a gaban shaidu. Ni ma na san ka yafe mini, dariyar nan ta gaya mini.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya gafarta maka kurakuranka, ya sa aikin da ka yi wa garin nan ya zame maka nauyi a mizani. Allah ya haɗa ka da Inna da sauran magabatanmu a Aljannar Firdausi, ya albarkaci bayanka, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Wassalam.

Ni ce taubashiyarka,
Malama Rabi