Riga Mai Gajeren Hannu

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririyar. Yaya aikin asibiti? Ciwon bayan nan ya sake ki kuwa? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar mahaifiyarki da ba ta rabo da ƙorafi.

Bayan haka, albishir nake tafe da shi. Makarantar su Lauya, ɗan naki, ta amince da yunifom. Jiya aka yi taron iyaye da malamai, aka ɗaga hannu, muka yi rinjaye. Daga zangon da za a shiga, ɗan mai kemis da jikan mai guga riga iri ɗaya za su sa.

Kin san inda abin yake yi mini ƙaiƙayi. Shekara arba'in ina goge kayan mutane, ko an rufe mini ido in na taɓa yadi na san irin gidan da ya fito. Yara ma sun sani. Ni kwana tara na yi a firamare, cikin tsohuwar rigar yayana da ta sauko mini har gwiwa, aka yi ta dariya har na daina zuwa. Sai da furfura ta fito na koma ajin yamma na koyi haɗa baƙi. To yau ga shi ni aka naɗa sakataren kwamitin yunifom.

Tela ya kawo samfuri biyu, mai dogon hannu da mai gajere. Mai kemis, wanda tun farko bai so abin ba, ya ce dogon ya fi kwarjini. Na miƙe na ce a ajiye kwarjini a tambayi mai wanki. Bakin hannu ne ke fara yin baƙi, shi ke fara tsinkewa, uwa ta yi ta dirza har yadin ya mutu alhali jikin rigar sabo ne. Aka yi mini tafi. Aka zaɓi gajere, fara, da wando ruwan toka.

Dokar ma da hannuna na rubuta ta, layi biyar. Na huɗun ya ce ba a ɗora komai a kai, ba a sa komai a ciki, kuma ba a yi wa kowa alfarma. Wata mai sayar da kifi ta roƙi a bar 'yarta ta riƙa sa rigar sanyi saboda ƙirjinta. Na ba ta haƙuri, na ce in aka bar rigar sanyi yau, gobe masu hali ta wannan ƙofar za su dawo da kayan gayu. Ba ta ji daɗi ba.

Ɗan naki bai ce uffan ba da na gaya masa, shi da ko gishiri ka ce ya miƙo sai ya nemi dalili. Kakarsa ta ce wai mijinta ne ya fara girma. Ki huta da aiko masa da riguna haka nan.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan jaririyar.

Mahaifinki mai farin ciki.

*

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Allah ya sa zazzaɓin jaririyar ya sauka.

Wasiƙarki ta iso, amma ta tarar an yi mako guda da komawa makaranta. Ban taɓa samun gajeriyar wasiƙa daga gare ki kamarta ba. Kin ce, "Baba, ka manta hannunsa ne?"

Ban manta ba. Ta yaya zan manta? Yana ɗan shekara uku, kin bar mini shi a shago kin tafi karɓo takardunki, ni na jingine dutsen guga a bakin tebur na juya ina miƙa wa wani kayansa, dutsen ya ƙone shi a hannu. Har yau in gawayi ya yi ƙara a cikin dutse sai gabana ya faɗi. Abin da ya faru shi ne idona ya saba. Kullum ina ganinsa a tsakar gida da singileti, tabon ya zama mini kamar kunnensa ko hancinsa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa duk rigar da kika aiko shekara biyar ɗin nan mai dogon hannu ce ba. Ni nake goge su, ni nake fitar musu da kari har bakin maɓalli. Ashe a makarantar nan ko mutum ɗaya bai taɓa ganin hannun nan ba.

Ran Litinin da kaina na goge masa farar rigar na raka shi har bakin ƙofa. Na ga ya rungume jakarsa a hannun hagu maimakon ya goya ta, na ce ya gyara, kada ya ɓata mini guga. Na tsaya ina kallon yara ɗari shida a jere fari fat, har da hawayena.

Jiya Juma'a malamin ajinsu ya biyo ta shago yana tambaya ko Lauya ba shi da lafiya, tun Laraba bai gan shi ba. Alhali kullum yana fita da safe. A bayan katangar filin ƙwallo na same shi zaune, ya zare hannun daga cikin rigar ya ɓoye shi a cikinsa, hannun rigar yana reto babu komai. Ya ƙi yi mini magana. Kakarsa ce ta gaya mini sauran. Kin san tabon ya fito da siffar dutsen sak, har da tsininsa. Yaran sun gane. Suna ce masa Gogagge. Wai kakansa ya rasa kayan guga ya goge shi.

Mahaifiyarki ta ce ni kaɗai ne a gidan nan ban san dalilin dogon hannu ba, kuma ta so ta yi magana ranar taron, ta ga ina ta murna kamar yaro ta kasa. Ban sani ba ko in gode mata.

Kada ki yanke shawarar ɗauke shi tukuna. Na kira taron kwamiti ran Talata. Ki ba ni wannan makon.

Mahaifinki.

*

'Yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga yadda aka yi.

Mun zauna a ofishin hedimasta, mu bakwai, tare da wasu iyaye. Na faɗi buƙatata a tsaye, cewa a bar Lauya ya sa mai dogon hannu. Mai kemis ya gyara zama, ya tura mini littafin, ya ce, "Malam Sakatare, mu karatunmu na safe ne, ba ma gane rubutun yamma. Karanta mana layi na huɗu."

Na karanta. Ban taɓa jin karatu ya yi mini nauyi a baki haka ba, ko ranar da aka fara tsayar da ni gaban allo. Ya ce in maimaita wurin alfarmar. Na maimaita.

Mai kifin nan tana zaune a baya. 'Yarta ta kwana biyu a asibiti makon jiya, sai a wurin na ji. Da hedimasta ya ce a ɗaga hannu, ita ta riga kowa ɗagawa, ba ta ko dubi inda nake ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Aka amince, da rigar Lauya da rigar sanyin 'yarta. Ni na ja layi a kan dokar da biron da na rubuta ta.

Na biya wurin tela a ranar, ya ɗinka mai dogon hannu, na goge ta na kai wa yaron ina jin na gyara ɓarnata. Ya sa ta ran Alhamis ya tafi. Da ya dawo ya cire ta ya ninke, ya ajiye mini a kan teburin guga. A nan ya yi mini maganar farko cikin kwana tara.

"Kaka, lokacin da kowa ke sa irin tasa rigar, ba mai kallona. Yanzu ni kaɗai ne mai dogon hannu, kuma kowa ya san abin da ke ciki."

Yaron da nake kira Lauya saboda gardama, wannan karon bai tsaya jin amsa ba.

Na koma wurin hedimasta na ce a mayar da rigar kowa mai dogon hannu. Ya ce iyaye ɗari shida sun riga sun ɗinka, in bari sai baɗi a duba. Baɗi yaron nan ya yi shekara a bayan katanga.

Ki zo ki ɗauke shi. Na janye roƙona.

Mahaifinki.

*

'Yata,

Ina fatan kun isa lafiya, kuma motar ba ta jijjiga jaririyar ba. Gidan ya yi faɗi. Kakarsa har yau kwano uku take fitarwa, sai ta mayar da ɗaya.

Ga sauran kayansa nan na ba direba ya kawo miki, duk na wanke na goge. Fararen biyun ban sa su ciki ba. Mai gajeren na ba wani maƙwabci, mai dogon babu wanda zai iya sa ta a makarantar nan, tana rataye a shago.

Shekaranjiya aka kafe hoton kwamiti a ofishin hedimasta, ina tsakiya da littafi a hannu. Iyaye suna tsayar da ni a hanya suna godiya, wai safiya ta yi musu sauƙi, yara sun daina kukan abin da za su sa. Gaskiya suke faɗa, ina amsawa. Da safe kuma in yaran suna wucewa ta gaban shago fari fat, sai in juya teburin in fuskanci bango.

Kin ce makarantar da za ki sa shi su ma suna da yunifom. Kafin ki cika takarda, ki je da ƙafarki ki tsaya a bakin ƙofa ki dubi hannun rigar. Kada ki tambayi kowa, kada ki tambaye ni.

In ya yarda, ya rubuto mini ko layi ɗaya ne, ko gardama ce. In bai yarda ba, kada ki matsa masa.

Ki gaida maigidanki, ki gode masa a madadina.

Mahaifinki, mai guga.