Fitilar kekena da watan Rabi

Daren Lahadi, tsakiyar damina

Fitilar kekena ta sake mutuwa ina dawowa daga Mai'adua, saura kaɗan in afka rami. Wuni ta yi a wurin mai caji, amma ko rabin hanya ba ta kai ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matata Rabi ta shiga watan haihuwarta, gidan ungozoma kuwa yana bayan rafi. In naƙuda ta zo da dare, da me zan ga hanya?

Bayan isha'i na kwance fitilar. Ashe ruwa ya shiga, bakin batirin ya yi tsatsa, har ya kumbura. Na kankare wurin da reza, na ciro batirin tocilan ɗin Rabi na sa. Ta kama, amma tana ƙiftawa, sai da na matse shi da guntun roba.

Rabi ta ce, "Malam, ka kwanta, Allah na nan." Na ce to, amma ga ni ina kunnawa ina kashewa, alhali na san cajin nake cinyewa. Yanzun nan na ji ta yi nishi, ta dafa bango. Bari in fitar da keken ƙofar gida.