Teburin Uwarku Ba Zai Dawo Gida Ba

Ni mahaifinku, farfesan tarihi, mai jiran kiran da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, na rubuta wannan da hannuna, ina cikin hayyacina. Shekarun da na kwashe a zaman majalisar jami'a sun isa su zautar da namijin duniya, amma likita ya duba ni ya ce hankalin da saura.

Na ɗaya. Littattafaina na Auta ne, domin shi kaɗai a cikinku na taɓa gani ya ɗauki ɗaya ba don ya tokare ƙofa ba. Rigar farfesanci ta Injiniya ce, babbanku. Ya ɗinke hammatar kafin ya shiga mutane da ita.

Na biyu. Fankar ofishina ta shugaban sashen falsafa ce. A mayar masa da godiya, a kuma shaida masa na tafi ban yarda da ra'ayinsa ba.

Na uku, kuma mafi nauyi, teburin. Kuna ƙanana gwamnati ta datse kason jami'a. Hukuma ta kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, shi kuma ya gano cewa abin da ilimi ya rasa shi ne shaguna. Aka yi doka: duk ɗakin da mai duba gine-gine ya tarar ba a amfani da shi, a ba masu kwafin takardu haya. Teburin ɗakin muhawarar sashenmu kuwa gara ta riga ta yi masa nazari mai zurfi. Uwarku ce ta ce a ɗauki na cin abincinmu, aro ne, kafin al'amura su daidaita. Ta rasu ba su daidaita ba, ni ma ga shi ban ga alama ba.

Injiniya, na san kana son a dawo da shi, kana cewa a kansa kaɗai ka iya tuna hannunta. Na kuma san ka daina gaisawa da ƙanwarka Akanta tun da ta kama aiki a ofishin kuɗi na jami'ar, ka ga sa hannunta a takardar sabunta waccan doka. Takarda aka miƙa mata, ɗana. Ita ma in ta wuce ta bakin ɗakin sai ta rage sauri.

Hukuncina: tebur ya zauna. Ranar da ya fita, washegari injin kwafi zai shiga, ɗaliban tarihi su koma gindin bishiya. Ƙunar da tukunyar uwarku ta bari a tsakiyarsa, da ita na koyar da iyakokin dauloli da dama, kuma ba ɗalibin da ya taɓa kama ni da kuskure.

Na huɗu. Mai duba gine-gine mutum ne mai dabara, ba ya zuwa sai lokacin dogon hutu, da ɗakuna suke wayam. Ni nake zama masa a can da jarida. Yanzu aikin ya dawo kanku. Kowane dogon hutu ku taru, da mazajenku da matanku da 'ya'yanku, ku ci abinci a kan teburin nan. Injiniya ya zauna kusa da Akanta. In ba ku shirya ba, ku yi faɗan a can, da ƙarfi. Mai duba in ya jiyo hayaniya zai rubuta cewa ana muhawarar ilimi, kuma a iya sanina bambancin kaɗan ne.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku fiye da yadda kuka yi mana. Kada ku bari a raba ku kamar yadda aka raba kasafi.

Wurin uwarku shi ne gefen taga. Kada ku bar shi wofi. Ba a rasa ɗalibin da bai samu tafiya gida hutu ba, yana yawo a baranda kamar mai neman wani littafi. Ku kira shi, ku zuba masa.