Muryar Kakata Tana Cikin Wayarsa, Ya Ce Sai Na Yi Ƙarya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana don Allah, da yawa a nan sun san gidanmu. Shawara nake nema, kuma ina rubutun nan ne raina a ɓace, in kun ga na yi zafi ku yi mini uzuri.

Ni malamar Islamiyya ce a unguwar Maamobi, nan Ankara babban birnin Ghana, ina ɗaukar karatun yara a ɗakina ina tura wa iyayensu a WhatsApp. Da waya nake yi, sai na ga sautin ba daɗi, na shiga tambaya har aka ce mini in nemi makirufo irin kondensa, wanda yake kama murya ko da a hankali aka yi magana. Na yi yawo a kasuwar kayan lantarki ta Circle shago shago, na gwada guda huɗu da kunnena, na zaɓi wani mai araha tare da ƙaramin akwatin da yake ba shi wuta ya haɗa shi da laptop. Aibinsa ɗaya ne, in aka yi shiru kana jin ɗan shuu a ƙasa. Ban da wannan lafiya lau, wata shida ina aiki da shi.

To akwai kakata, mahaifiyar babana, tana unguwar Nima, ta tsufa sosai. Ita kaɗai ta rage da ta san yadda mahaifinta ya taso daga Kano da fataucin goro, ya zauna Salaga, ya gangaro Ankara, da sunayen danginmu na can, da waƙoƙin da uwarta take yi wajen niƙa. Shekara biyu ina roƙonta ta bari in ɗauka, kullum sai ta ce ita ba 'yar rediyo ba ce. Ranar da ta ce to, ta sa mana Asabar, wallahi har rawa na yi.

A nan ɗan gwaggona ya shigo, bari in kira shi Yaya Awudu, kakarmu ɗaya da shi. Yana ba da hayar sifikun biki a New Town, kuma a ganinsa babu abin lantarki da ya fi ƙarfinsa. Ya kalli makirufona ya yi dariya, wai abin wasan yara ne, wai da wannan zan ɗauki muryar Kaka? Ya ce in ba shi ya canza kafsul, wato ɗan faifan ciki da yake kama sauti, ya sa babba, ya cire raga ɗaya ta bakin makirufon, shuu ɗin nan zai tafi kuraa, wato gaba ɗaya. Na ƙi, ya kai ƙarata wajen mamana wai na raina sana'arsa. Don a zauna lafiya na ba shi.

Bai dawo da shi ba sai safiyar Asabar ɗin, Kaka ta riga ta zauna a tabarma ta yafa mayafinta. Na ce mu gwada tukuna, ya ce, "Ke je ki zauna kusa da ita ki yi tambayoyinki, ni ne injiniya." Shi ya zauna gaban laptop, shi ya sa abin ji a kunne. Awa biyu Kaka tana magana, ta yi waƙa uku, ta yi kuka da ta zo kan ƙanenta da ya rasu a hanya. Sau biyu ina juyawa in tambaye shi da ido, yana ɗaga mini babban yatsa.

Da na koma gida na kunna, babu komai sai ƙugi kamar tsohon firij, muryarta can ƙasa kamar daga rijiya, ko kalma ɗaya ba ta fita. Na kira shi ya ce akwatina ne ya lalace. Na kai wa wani mai gyara, ya buɗe a gabana, sai ga tsohon kafsul mai tsatsa an manna shi da gam, waya ɗaya ko solda ba a yi mata ba, tana lilo. Akwatin kuwa ƙalau yake. Na ce ba komai, zan sayi wani in sake lallaɓa ta. Kafin Asabar ta zagayo Kaka ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya tafi. Tana nan da rai, tana kallonmu, amma ba ta magana.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba, na shiga guruf ɗin danginmu na saki saƙon murya, na kira shi maƙaryaci, mugu, mai girman kan banza, na haɗa da hoton cikin makirufon. Dangi suka rabu biyu, gwaggo ta daina amsa gaisuwata.

Shekaranjiya matarsa ta same ni a tashar trotro, wato motocin haya, ta ce in sassauta, ai maganar Kaka ba ta ɓata ba, tana cikin wayar mijinta. Ashe tun mintunan farko ya ji ƙugin a kunnensa. Maimakon ya ce mu tsaya, kunya ta hana shi, sai ya kunna rikodar wayarsa ya ajiye a gefen tabarma ya ci gaba da ɗaga mini yatsa. Kun ji fa. Ya sani. Ya bar ni sati uku ina kuka yana riƙe da abin.

Na kira shi, ya turo mini minti ɗaya kacal, Kaka tana waƙar niƙa, tas ake ji. Sai ya ce, "Saura yana nan. Ki zo gaban mamana ki durƙusa, sannan ki shiga guruf ki ce akwatinki ne ya lalace ba aikina ba. In ba haka ba, yatsa ɗaya ne, in goge." Na ce Yaya, kakarka ce kai ma. Ya ce shi ya riga ya saurara.

Zagin da na yi zan iya ba da haƙuri a kai, ba na musu. Amma in tsaya gaban dangi in yi ƙarya in wanke mutumin da ya cuce ni, ni da nake koya wa yara cewa ƙarya haramun ce? Mamana ta ce in je in faɗa kawai, Allah ya san gaskiya. Mijina ya ce in na durƙusa masa yau, gobe ma sai ya nemi wani abu. Na yi tunanin kai shi gaban limamin unguwa, amma ina tsoron ya fusata ya goge kafin a zauna, kuma na san halinsa, zai iya.

Don Allah ku ba ni shawara, in faɗi ƙaryar in karɓi muryar kakata, ko in tsaya kan gaskiyata in rasa ta? Ya ba ni zuwa Juma'a. Jiya na kunna wa Kaka minti ɗayan nan a kunnenta, ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta ƙi saki har sai da na sake kunnawa.