Ranar da Rufin Makarantar Basirka Ya Ɓace a Allon Kwamfuta

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa Magini na Gwaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya ke yi wa mahaifinta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ce Hadiza, autarka. Shekara uku ke nan da rasuwarka, ban taɓa zama na rubuta maka komai ba sai yau. Na san takarda ba ta isa inda kake, don haka zan sa ta a shafina na intanet, duk wanda ya karanta ya taya ni yi maka addu'a. Wani abu ne ya same ni wanda na tabbata da kana nan sai ka yi dariya har hularka ta faɗi.

Muna nan lafiya. Inna ma lafiya lau, ƙafar ce dai take ɗan taɓa ta in ta daɗe a tsaye. Karatun zanen gini da ka kai ni, ana ta ce maka ba na mata ba ne, na gama shi. Yaya Sani ya aiko min da kwamfutar cinya daga Kano, ta hannu ce amma mai ƙarfi, da ita nake aiki.

Baba, na samu aikina na farko. Kwamitin wata Islamiyyar matan aure a Basirka suna son ajujuwa uku, shugabansu Alhaji Sabo ya neme ni saboda sunanka. Wanda zai yi ginin kuwa Baba Ɗanjuma ne, abokin aikinka. Yana nan yadda ka san shi, fuska a ɗaure, magana ɗaya sai ya yi shiru. Na yi sati biyu ina zanen, irin wanda ake juya shi a ga gini ta kowane ɓangare kamar an riga an gama shi. Har bishiyar darbejiya na dasa a tsakar makarantar.

Kwana biyu kafin in kai musu, kwamfutar ta nemi ta sabunta kanta. Na danna mata na'am, na tashi na tafi taya Inna tankaɗe. Ban sake buɗe zanen ba.

Ranar Alhamis bayan Azahar muka zauna a zauren Alhaji Sabo, dattawa bakwai a kan tabarma, ni a gefe da kwamfuta a kan kujerar tsugunno. Na yi bisimilla na buɗe. Bangaye suka fito, ƙofofi suka fito, darbejiya ta fito. Rufi babu. A inda ya kamata ya kasance sai wasu baƙaƙen tabo suna ta ƙyaftawa. Na ce bari in juya ginin ko zai dawo, sai allon ya hau rawa, ya yi tsalle sau biyu, ya tsaya cik.

Alhaji Sabo ya leƙo, ya gyara tabarau, ya ce, "Malama Hadiza, ko ɗaliban a rana za su zauna?" Zauren ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, don abin da ban dariya. Amma da Baba Ɗanjuma ya ce, "Isa bai taɓa miƙa wa mutane gini babu rufi ba," sai na daina dariyar. Suka ba ni zuwa Alhamis mai zuwa. In bai yiwu ba, Baba Ɗanjuma zai shata fili da ƙafarsa kamar yadda aka saba, a bar maganar zane.

A bas ɗin komawa gida na ɗan yi hawaye a cikin hijabi, ba zan ɓoye maka ba. Rasa aikin da sauƙi. Sunanka da aka kira a wurin shi ya fi damuna.

Da na isa gida na hau bincike a waya, ko'ina aka ce matsalar direba ce. Na faɗa wa Inna haka. Ta ajiye muciya ta ce, "Wane direban? Na motar Basirka? Me ya yi miki?" Da ƙyar na hana ta aika a kira shugaban tasha. Na yi mata bayani cewa wata ƙaramar manhaja ce ake kira haka, wadda ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da kayan cikinta. Ta ce to, ko ma wane ne, Allah Ya shirye shi.

Kai ne kake hana mu shafe tsaguwar bango kafin a tona a duba gindinsa. Sau nawa na ji ka kana yi wa lebura faɗa a kan haka? To, ni 'yarka, shafewa na yi. Na sauko da direba mafi sabunta da na gani, na ɗora a kan na da, na sake kunnawa ina murmushi. Wannan karon ba rufi kaɗai ba, komai ya tafi. Allo baƙi ƙirin, fanka tana ta huci, ni kuma ina kallon fuskata a ciki.

Ranar Asabar da sassafe na shiga bas zuwa Birnin Kudu wurin Malama Rakiya. Za ka tuna ta, ita ce ta koya mana kwamfuta a sakandare, wadda ta taɓa zuwa gida ta roƙe ka ka bar ni in ci gaba da karatu, ka ce mata ai ka riga ta yanke shawara. Yanzu ta bar koyarwa, ta buɗe shagon gyara. Na miƙa mata kwamfutar, ta ƙi karɓa. Ta janyo min kujera ta ce, "Zauna. Da hannunki za ki gyara. In na gyara miki, gobe a Basirka wa za ki kira?"

A nan na san abin da ban sani ba duk watannin da na yi da na'urar. Ashe katin hoto biyu ne a cikinta, wato abin da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Akwai ƙarami, mai tattalin batir, shi ke riƙe da rubutu da ƙananan ayyuka. Akwai babba, mai cin wuta da zafi, yana kwance sai an zo aiki mai nauyi irin zanena a tashe shi. Kwamfutar da kanta take sauyawa tsakaninsu, kuma kowanne da direbansa. Sabuntawar nan ta cire wa ƙaramin direban da ya zo da shi, ta sa masa wani wanda bai san yadda ake miƙa wa babban aiki ba. Ni kuma na zo na canza wa babban nasa. Malama ta ce, "Kin haɗa baƙi biyu a ɗaki ɗaya, babu mai jin yaren wani, kin ce su yi miki rufi."

Muka fara tono daga gindi. Ta nuna min yadda ake tayar da kwamfuta tsurarta, ba tare da direbobin nan ba, abin da masu sana'ar ke kira sef mod. Allon ya dawo, rubutu manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya, amma ban taɓa jin daɗin ganin mummunan abu haka ba. Muka katse mata intanet don kada ta sake kwaso wani da kanta. Na cire direbobin biyu kakaf. Sannan Malama ta sa na kifa kwamfutar na karanto lambar samfurinta a ƙasa, muka je shafin kamfanin da ya ƙera ta a wata na'urar, muka nemo direbobin da aka yi wa wannan samfurin shi kaɗai. Tsofaffi ne. Na ce ai waɗannan sun kwana biyu. Ta ce ita ma ta kwana biyu, ga shi kuma wurinta na zo.

Ana tsakiyar saukowa aka ɗauke wuta. Muka zauna a bakin shago muka ci ɗanwake da mai da yaji, tana ba ni labarin yadda ka taɓa gyara musu katangar makaranta, ka ƙi tafiya sai da ka sa aka sare reshen da ke zubo mata ruwa. Ban san wannan labarin ba, Baba. Na ji kamar an ƙara min saninka kaɗan.

Da wuta ta dawo na sa direban ƙaramin tukuna, na sake kunnawa, sannan na sa na babban. Malama ta ce jerin nan ba a juya shi. Na buɗe zanen. Rufi ya dawo! Na yi ihu har mai sayar da katin waya na kusa ya leƙo. Sai dai da na juya ginin, yana tafiya yana tuntuɓe. Na kalli Malama, ta naɗe hannu ta ce in yi tunani. Can na ce, ko dai har yanzu ƙaramin ne ke ɗauke da kayan? Ta yi murmushi. Na shiga inda ake zaɓar wa kowace manhaja katinta, na ce manhajar zane ta babban ce, na jona caja tunda ba ya sakin jiki a kan batir. Fanka ta ɗauka, gini ya juya sumul. Kafin in taso muka hana kwamfutar canza direba da kanta, na kwafe direbobin biyu a filashi na sa a jaka.

Ranar Alhamis na koma Basirka. Alhaji Sabo ya tayar da ƙaramin janaretansa, malamai mata biyu na makarantar ma suka zo suka zauna kusa da ni. Na buɗe. Ga kwano yana sheƙi, ga baranda, ga darbejiya. Na shiga da su aji ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo ya ce a koma baya yana so ya ga inda matarsa za ta zauna.

Baba Ɗanjuma kuwa sai matsowa yake yi har gemunsa ya kusa taɓa allo. Can ya ce in juya. Na juya. Ya ce in ƙara. Sannan ya ɗora yatsa ya ce, "Ina gabas a nan?" Na nuna masa. Ya ce, "Manyan tagogi uku kika buɗe wa gabas. Daga ina hadari yake taso mana? Ruwan farko zai wanke littattafan matan nan tas."

Gaskiyarsa, Baba. Hasken safe na bi, na manta da damina. Kunya ta kama ni fiye da ta ranar farko, don wannan karon babu direban da zan ɗora wa laifi. Na ce a ba ni minti kaɗan. A gabansu na rage tagogin gabas, na mayar da manyan kudu da arewa, na ƙara wa rufin baki ta wajen da ruwa ke bugowa. Yana faɗa ina gyarawa, ginin yana canzawa a idonsa. Da muka gama ya koma ya jingina da bango, ya ce, "Isa ma sai da na gyara masa irin wannan a aikinmu na farko a Kiyako. Kwana biyu bai yi min magana ba." Sai ga Baba Ɗanjuma yana dariya, har da share ido da bakin rawani.

Babana, ashe kai ma? Duk shekarun nan ba ka taɓa faɗa mana ba.

Jiya aka ja igiyar harsashi. Baba Ɗanjuma ya riƙe kai ɗaya, ya miƙo min ɗayan, ya ce in ja da kyau, kada in bari ta yi ciki. Na ja. Na so ƙwarai a ce ka ga hannuna a lokacin, duk jar ƙasa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Duk inuwar da wani bawa ya sha a ƙarƙashin ginin da ka yi, Allah Ya sa ta a mizaninka. Ya sa matan da za su yi karatu a ajujuwan nan su amfana, Ya ba ka rabo a ladan. Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya saka wa Malama Rakiya da Baba Ɗanjuma da alheri, Ya haɗa mu da kai a Aljanna. Amin.

'Yarka mai kewarka kullum,
Hadiza,
daga Gwaram.