Wane Gefen Gadar Ganga

Maskat

Didi Sabitri,

Na taɓa ƙafafunki, ki taɓa mini na iyayenmu, Babuji da Ammaji. Ina lafiya, in dai mai walda a cikin ranar nan yana da lafiyar da zai ambata.

Wasiƙarki ta iso. Likita ya ce zuciyar Babuji sai an yi mata aiki a Kalkata, shi kuma ya ce ba ya fita daga garinmu Kashi. Na san karatun, da shi aka yaye mu: wanda ya mutu a Kashi, Baba Kal Bhairab, abin bautarmu mai gadin garin, zai yi masa hukuncinsa duka cikin ƙiftawar ido, shi ke nan ya huta, ba zai sake dawowa duniya ba. Wanda ya mutu a ƙetaren kogin Ganga kuwa, jaki zai dawo. To ni ba inda zai mutu nake magana ba, Didi. So nake ya rayu.

Ba raina Baba Bhairab nake yi ba. Baƙin zarensa yana nan a hannuna, gumi ya cinye shi har ya koɗe. Amma mutum ya ƙare rayuwarsa a ƙofar haikali yana sayar da zare da man fitila, yana ciyar da karnukan Baba kafin ya ciyar da mu, sannan a ce mai gadin garin ba zai ba shi hutun wata ɗaya ba? Sai ka ce kamfaninmu, da ya riƙe fasfona ya hana ni zuwa.

Ki kai shi ya nemi izinin fita a wurin Baba kamar yadda kowa ke yi, ki sa shi a jirgin ƙasa. In ya ƙi, ki ce na ce ba zan ƙara taka Kashi ba.

Ƙaninki,
Kedar

Kashi

Kedar,

Baba ya tsare ka, ya ja kwananka.

Na karanta masa wasiƙarka har ƙarshe, ko da yake na so in tsallake. Ya ce, "Ji ɗan banza! Yana can cikin rairayi yana gasa kansa kamar masara, shi zai zaɓa mini wurin mutuwa?" Ammaji ta ce, "Kada ka je, Baban Kedar." Ya ce, "Ke ba ki san ɗanki ba? In ya ce ba zai zo ba, ba zai zo ba. Taurin kaina ya ɗauko."

Ranar Lahadi muka kai shi haikali a keken haya. Ya zuba mai a fitila, mai hidima ya buga masa gashin dawisu a kafaɗa. Ya dubi fuskar Baba ta azurfa ya ce, "Maigida, zan ɗan fita. Ba gudu nake ba, yaro ne ya matsa. Ka riƙe mini wurina." Da muka fito ya jefa wa wani baƙin karen Baba alewar madara, ya ce mini, "In na dawo jaki, Kedar zan fara harba." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ni ban yi ba.

Jibi za mu tashi.

Yayarka,
Sabitri

Maskat

Didi,

Na taɓa ƙafafunki. Ki rungume mini Ammaji, in ta yarda a ambaci sunana.

Mijinki ya rubuto. Ya ce Babuji ya cika a cikin jirgi, an sauke shi a tashar farko bayan gada, an dawo da shi an ƙona gawarsa a bakin Ganga. Mijin naki ne ya kunna wutar da ni ya kamata in kunna. Ki gode masa. Ni a bayan ɗakin kwananmu na aske kaina don makoki, wani ɗan Kerala ya riƙe mini madubi, washegari na koma aiki.

Ba laifinki ba ne, ba na likita ba. Da zan iya ɗora wa Baba da na ɗora, amma ba shi ya kira kowa tasha ba. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu gani nake da ya isa Kalkata da ya rayu.

Abu ɗaya mijinki bai faɗa ba. Daga tashar Kashi zuwa gada ba nisa, ke ce kuma kusa da shi. A wane gefe numfashinsa ya tsaya? Ni da na ce wannan bai dame ni ba, ga shi ina tambayar ki. Ki faɗa mini yadda yake, kada ki tausaya mini.

Kedar

Kashi

Kedar,

Baba ya sanyaya maka zuciya.

Ammaji ta riga ka tambaya. Na ce mata a gefenmu ne, jirgi bai hau gada ba. Ba ta yarda ba, ta ja ni haikali ta ce in maimaita a gaban Baba, inda ko ɓarawo ba ya iya ƙarya don tsoron hukuncinsa. Na maimaita, hannuna a kan dokin ƙofarsa. Sai ranar ta ci abinci.

Har yau ina da rai. Kada ka sake tambaya ta. In sun ba ka fasfonka, ka zo.

Yayarka,
Sabitri